Tambaya da Amsa: Wane Aikatau Ne Ke Tafiya da Wane Wasa a Turanci?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a makonnin nan a kan harshen wasanni suke, kuma da na baje su a gabana sai na ga cewa damuwar masu rubuta su kusan ɗaya ce, ko da yake kowa ta inda ta shafe shi ya ɗauko ta. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar firamare a Funtuwa. Na ba 'yan aji shida aikin insha'i a kan wasan da kowa ya fi so, sai na tarar da jimloli irin su “I play swimming”, “I do football” da “My brother plays karate”. Kunnena ya gaya mini akwai kuskure, na kuma gyara musu, amma da wata yarinya ta tambaye ni dalili sai na rasa abin da zan ce mata. Shin akwai ƙa'idar da zan koya musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yarinyar nan ta yi tambayar da ta dace, kuma kuskuren yaran yana da tushe a cikin harshenmu. Bahaushe da aikatau biyu yake gudanar da kusan duk harkar wasa, wato “yi” da “buga”: ana yin dambe, ana yin kokawa, ana yin iyo, ana yin langa, ana kuma buga ƙwallo da karta. Ga kalmar “wasa” ita kanta, wadda ta haɗe na yara a ƙofar gida, da na 'yan ƙwallo a fili, da na kwaikwayo, har da na tobasai. Yaron da aka gaya masa tun yana aji ɗaya cewa “play” ita ce wasa, babu abin da zai hana shi ɗora ta a kan iyo da kareti, tunda a wurinsa duk wasa ne.

Turanci kuwa ya raba aikin tsakanin aikatau uku. Na farko shi ne “play”, wanda ke tafiya da wasannin da ake yi da ƙwallo, da kuma waɗanda ɓangarori biyu ke fafatawa a cikinsu ana lissafin ci. A nan ne ake samun “play football”, “play basketball”, “play volleyball”, “play handball” da “play table tennis”, haka nan wasannin zaune kamar “play cards”, “play ludo”, “play chess” da “play draughts”. Folo, wanda Katsina ta shahara da shi tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo, shi ma “play polo” ake cewa duk da a kan doki ake yin sa, saboda akwai ƙwallo kuma akwai ƙungiyoyi biyu.

Na biyu shi ne “go”, wanda ke tafiya da sunayen da suka ƙare da ɗafa-ƙeyar “ing”, musamman idan abu ne da mutum zai bar gida ya tafi wani wuri ya yi shi, ko da shi kaɗai ne. Saboda haka ake cewa “go swimming”, “go jogging”, “go cycling”, “go riding”, “go hunting” da “go fishing”. Masuncin da ya ɗauki gora da homa ya nufi kogi a Argungu, “he went fishing” za a ce da shi. Ki ja kunnen yaran a kan abu ɗaya: babu wata kalma da ke shiga tsakanin “go” da sunan. Jimlolin “go to swimming” da “go for swimming”, waɗanda ake yawan ji a makarantunmu, kuskure ne. Idan ana son a sa “for”, sai sunan ya canja siga a ce “go for a swim”, “go for a run” ko “go for a walk”. Kuma ba dole ne a kawo “go” ba, domin waɗannan sunaye daga aikatau aka ƙirƙiro su, don haka “I swim every Saturday” jimla ce cikakkiya.

Na uku shi ne “do”, wanda ya kwashe abin da ya rage: dabarun faɗa na ƙasashen Asiya, da motsa jiki iri-iri, da guje-guje da tsalle-tsalle idan an haɗa su a suna ɗaya. Ana cewa “do judo”, “do karate”, “do taekwondo”, “do yoga”, “do gymnastics” da “do athletics”. Da wannan rabo, jimlolin ɗalibanki za su koma “I go swimming”, “I play football” da “My brother does karate”.

Sai dai ina roƙon ki, kada ki koya musu wannan rabo kamar yadda ake koyar da jadawalin sau, domin yana da ƙofofi da yawa. “Boxing” da “wrestling” sun ƙare da “ing”, amma ba kasafai Bature zai ce “go boxing” ba. Zai ce “he boxes” da “he wrestles”, ko kuma “he does boxing”. Mai ɗaga ƙarfe “he lifts weights” ake cewa da shi, ko “he does weightlifting”. Mai wasan golf yakan ce “I play golf”, amma idan fitar ce yake son nunawa sai ya ce “I went golfing”. Bayan haka, da zarar an kawo maganar yawa, “do” takan karɓe wurin “go”, a ce “she does a lot of cycling”. A ganina, abin da ya fi amfani shi ne yaro ya riƙe kowane suna tare da aikataunsa tun ranar farko, kamar kalma ɗaya. Idan za ki rubuta sabon wasa a allo, ki rubuta “go swimming” gaba ɗaya, kada ki rubuta “swimming” ita kaɗai.

Akwai ƙaramin abu guda da masu gyaran takardun jarrabawa ba sa yafewa, wato sa “the” kafin sunan wasa. Ana cewa “play the guitar” idan kayan kiɗa ne, amma “play football” ba ta ɗaukar “the”. Inda “the” ke dawowa shi ne a sunan wata gasa guda cikin guje-guje da tsalle-tsalle, kamar “do the high jump” ko “run the 100 metres”. Chioma Ajunwa, wadda ta ciyo wa Najeriya zinare a Atlanta a 1996 da tsallen mita 7.12, “she won the long jump” ake rubutawa a kanta.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Gardama ce ta kaure mana a gidan kallon ƙwallo a unguwarmu a Kano. Wani abokina ya ce “we won them two zero”, ni kuma na ce ba haka ake faɗa ba, sai aka yi mini ca, wai ina son nuna boko. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Kai ne da gaskiya, samari, amma ka yi wa abokinka uzuri, domin kalmar “ci” ce ta ja shi. Mu a Hausa ana cin wasa, ana cin kofi, ana cin ƙwallo, ana kuma cin abokan karawa, duk da aikatau ɗaya. Turanci ya ware wa kowanne nasa. “Win” tana bin abin da aka samu ko fagen da aka yi nasara a cikinsa, kamar “win the match”, “win the cup”, “win the league” ko “win a medal”. Idan kuwa za a ambaci wanda aka yi nasara a kansa, “beat” ake amfani da ita, ko “defeat” a rubutu. Wanda ya ce “we won them”, abin da Bature zai fahimta shi ne an ba su 'yan waccan ƙungiya kyauta sun tafi da su gida.

Tarihin ƙwallonmu ya ishe mu misali. A wasannin Olamfik na 1996 Najeriya ta doke Burazil da ci 4–3 a wasan kusa da na ƙarshe, ta doke Ajantina da ci 3–2 a na ƙarshe, ta ɗauki zinare. Da Turanci za a ce “Nigeria beat Brazil, beat Argentina and won the gold medal”. Ka lura cewa “beat” ba ta canja siga a shuɗaɗɗen lokaci, don haka babu wani abu wai shi “beated”. Haka nan a 2013, “Nigeria beat Burkina Faso and won the Africa Cup of Nations”, kuma ƙwallo ɗaya tilo da Sunday Mba ya jefa a raga ita ce ta kawo mu ga aikatau na uku, wato “score”. Ɗan wasa “scores a goal”, ƙungiya “wins the match”, kuma biyun ba koyaushe suke haɗuwa ba. A gasar kofin duniya ta 2014 Ahmed Musa ya ci Ajantina ƙwallo biyu, amma aka tashi 3–2 Ajantina ce a gaba. Jimlar da ta dace ita ce “Musa scored twice, but Nigeria lost to Argentina”. Kalmar “to” bayan “lost” wajibi ce idan za a faɗi sunan wanda ya yi nasara.

Kunnen doki shi ne “a draw”, kuma ana cewa “they drew one all” idan an tashi ɗaya da ɗaya. Game da “two zero” da abokinka ya faɗa, za a gane shi, amma masu sharhin ƙwallo na Ingila “two nil” suke cewa. A wasan tanis kuwa wanda bai da ko ɗaya “love” ake kiran makinsa. Ka kuma kiyaye ƙananan kalmomin da ke bin “play”. Ɗan wasan Kano Pillars “plays for Kano Pillars”, ranar da za su kara da Enyimba kuma “he plays against Enyimba”, ko ma kai tsaye “Pillars play Enyimba on Sunday”. Idan ka ce “play with”, an fi ɗauka cewa ɓangarenku ɗaya.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Maraɗi, da Faransanci na yi karatu, yanzu ina koyon Turanci domin in ci gaba da karatu a Najeriya. Malaminmu ya soke mini “I make sport” da “I like footing”. Ban gane laifinsu ba.

Amsa: Ɗana, kai nauyi biyu kake ɗauke da shi, na Hausa da na Faransanci, amma akwai sauƙi ta wani gefe, domin Faransanci ma ya raba wasanni tsakanin “jouer” da “faire”. Inda ka saba cewa “jouer au football” ko “jouer aux cartes”, kusan koyaushe “play” ce za ta zauna a Turanci. Matsalar tana wajen “faire”, wadda Turanci ya tsaga ta gida biyu, “do” da “make”, kuma a fagen wasanni “make” ba ta da wuri. “Faire du sport” ita ce “do sport” ko “play sport”, “faire du judo” ita ce “do judo”, amma “faire de la natation” da “faire du vélo” sukan koma “go swimming” da “go cycling”. Idan kana son rubutu a kan Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya ciyo wa Nijar azurfa a Rio a 2016, sai ka ce “he does taekwondo” da kuma “he won a silver medal”.

Shi kuwa “footing” yana cikin kalmomin da suke da kamar Turanci alhali a Faransa aka ba su wannan ma'ana. Gudun sassarfa “jogging” ne a Turanci. Irin wannan tarko yana da yawa: a Yamai idan ka ce “foot”, “basket” ko “hand”, kowa ya san wasa kake nufi, amma a Turanci ƙafa da kwando da hannu kawai ka ambata, dole ka cika su zuwa “football”, “basketball” da “handball”. Takalman da kuke kira “baskets”, mu kuma muke kira kambas, su ne “trainers” a Ingila, “sneakers” a Amurka. Kokawar talabijin da Faransawa ke kira “catch” ita ce “professional wrestling”.

Tambaya: Malam, ƙanena da ke karatu a Amurka ya ce da ya gaya wa abokansa yana buga “football” sai suka ɗauka wani wasa ne daban. Shin “soccer” ce daidai ko “football”?

Amsa: Duka biyun daidai ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kalmar “soccer” a Ingila aka haife ta. A 1863 aka kafa hukumar “Football Association” a Landan domin daidaita dokokin wasan, sai aka riƙa kiran wasan da ke bin dokokinta “association football” don a bambanta shi da “rugby football”, wanda ake ɗaukar ƙwallo a hannu a ruga da ita. Ɗaliban jami'o'in Ingila na ƙarshen ƙarni na 19 suna da al'adar gutsure kalma su liƙa mata “er”, sai suka mai da “rugby” ta zama “rugger”, suka kuma ciro “soccer” daga tsakiyar “association”. A Amurka da Kanada, inda wani wasa na gida ya riga ya riƙe sunan “football”, sai “soccer” ta zauna daram, shi ya sa babbar gasarsu take da suna “Major League Soccer”. A Najeriya da Gana tsarin Ingila muke bi, don haka ɗalibin da zai rubuta WAEC ko NECO ya rubuta “football”, ƙanenka kuma ya ce “soccer” muddin yana can.

Ka gaya masa ya yi hattara da wasu kalmomin ma. “Athletics” a Ingila guje-guje da tsalle-tsalle ne, Amurkawa kuwa “track and field” suke kiran wannan, su bar “athletics” ga wasanni baki ɗaya. “Hockey” a wurinmu na fili ne, a Kanada da Amurka kuwa na kan ƙanƙara za a fara kawowa a rai. Wasan da 'yan Najeriya ke kira “draft” ainihin rubutunsa “draughts” ne, da harafin “s” a ƙarshe, kuma Amurkawa “checkers” suke ce masa. Karawa tsakanin ƙungiyoyin ƙwallo biyu “match” ce a Ingila, “game” a Amurka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mai fassara ne a wani gidan rediyo, nakan mai da labaran wasannin gargajiya daga Hausa zuwa Turanci. Na saba rubuta “local boxing” a madadin dambe, “local chess” a madadin dara, langa kuwa na rasa yadda zan yi da ita. Mene ne shawararka?

Amsa: Malam, shawarata ita ce ka bar musu sunayensu. Turanci bai fassara “judo” da “karate” da “sumo” daga Japananci ba, bai fassara “taekwondo” daga harshen Koriya ba, bai fassara “kabaddi” daga Indiya ba. Ya ɗauke su yadda suke, masu karatu kuma suka saba da su. Ban ga dalilin da zai sa dambe ya zama shi ne za a tuɓe wa suna a laƙaba masa “local” ba, kalmar da a bakin 'yan Najeriya ta riga ta ɗauki ƙanshin raini. Ka rubuta “dambe”, ka bi shi da ɗan gajeren bayani a karon farko, kamar “dambe, the traditional Hausa form of boxing”, daga nan ka ci gaba da “dambe” kawai har ƙarshen labarin.

Ban da mutunci ma, akwai batun daidaito. Mai sauraron da ya ji “boxing” zai zana safar hannu biyu da igiyoyi da alƙalai masu ba da maki. A dambe kuwa hannu ɗaya ake ɗaurewa da zare, ɗayan kariya ne, ana iya kai shuri, kuma turmi uku ake yi. Turmi shi ne “round”, karawar kanta “bout” ce ko “fight”, ɗan dambe kuma “dambe fighter” ko “dambe boxer”. Kada ka ce “play dambe”, domin Turanci ba ya ɗora “play” a kan faɗa. Ka ce “he fights” ko “he competes in dambe”. Babban wurin da nake so ka kula shi ne kalmar “kisa”. Idan aka ce ɗan damben Arewa ya kashe na Kudu ko na Guramada, duk Bahaushe ya san kayar da shi ya yi, ya kai shi ƙasa. Mai fassarar da ya rubuta “killed” ya sanar da mutuwar mutumin da ke zaune yana shan fura. “Knocked down” ita ce fassarar.

Kokawa ta fi sauƙi, domin “wrestling” ta rufe ta sosai, kuma “traditional wrestling” ta wadatar idan kana ba da labarin gasar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, jihohin ƙasar ke karɓar baƙuncinta bi da bi. Aikatau a nan shi ne “wrestle”, wanda ya kayar da abokin karawarsa kuma “he threw his opponent”. Langa wasa ne na ɓangarori biyu da ake lissafin ci, saboda haka “play langa” ta zauna daidai, sai ka ƙara bayanin cewa “a team game played hopping on one leg”.

Dara ita ce aka fi zalunta a fassara. Ba “chess” ba ce, ba kuma “draughts” ba ce, tunda a dara ta gurbi talatin kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, burinsa ya jera uku a layi ɗaya ya cire ɗaya daga na abokin karawarsa, kuma babu sarki babu tsallake ɗa. Ka rubuta “play dara”. Idan kuwa wasan ramuka ne da ake zuba 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, irin wanda Yarabawa ke kira ayo, Turanci yana da sunan da ya aro daga Larabci ga dangin waɗannan wasanni, wato “mancala”. Inda za ka iya fassara kai tsaye ba tare da asara ba shi ne wasannin yara da suke da takwarori a can: 'yar ɓuya ita ce “hide-and-seek”, tsallen igiya kuma “skipping” a Ingila, “jump rope” a Amurka.

Tambaya: Malam, likita ya umarce ni da motsa jiki saboda hawan jini. Da na koma asibiti na ce masa “I make exercise, I trek every morning”, sai na ga jikata da ta raka ni tana murmushi. Ina na kuskure?

Amsa: Allah ya ƙara lafiya, Alhaji. Likita ya fahimce ka sarai, amma ga abin da ya sa jikarka murmushi. Motsa jiki “do” yake ɗauka, a ce “I do some exercise”, ko “I take exercise” a tsohon salon Ingila, ko kuma a mai da kalmar aikatau a ce “I exercise every morning”. Matasa masu zuwa gidan motsa jiki sukan ce “I work out” ko “I go to the gym”. “Gymming” da ake ji a garuruwanmu ba ta shiga daidaitaccen Turanci ba. Ita kuwa “trek”, a Najeriya ta zama duk wata tafiya a ƙasa, ko daga gida zuwa bakin titi ne, amma a asalinta doguwar tafiya ce mai wahala, irin ta fatake ta kwana da kwanaki. Kalmar daga harshen Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan ta shigo Turanci. Zagayen da kake yi bayan sallar asuba “I go for a walk” ne, idan da ɗan sauri kuma “a brisk walk”, wadda ita ce likitoci suka fi so. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato kamar rabin awa sau biyar.

Sauran atisayen jiki duk “do” suke bi: “do sit-ups”, “do squats”, “do press-ups”, wanda Amurkawa ke kira “push-ups”. Ɗan wasan da ke shirin gasa “he trains”, wanda ke maimaita wata dabara don ya ƙware kuma “he practises”. A rubutun Ingila aikatau da “s” ake rubuta shi, “practise”, suna kuma da “c”, “practice”, amma Amurkawa da “c” suke rubuta duka biyun.

Tambaya: Malam, mu a Hausa fili fili ne, alƙalin wasa kuma alƙalin wasa ne. Me ya sa malamin wasanninmu a Zariya ya ƙi yarda da “tennis field” da “tennis referee”?

Amsa: Saboda Turanci ya ba kowane wasa sunan filinsa, 'yata. Ƙwallon ƙafa da kurket da hoki a kan “pitch” ake yin su a Ingila, “field” a Amurka. Tanis da ƙwallon kwando da ƙwallon raga da badminton a kan “court” ne, haka ma “fives”, wasan buga ƙwallo a bango da tafin hannu wanda ya shigo Arewa ta makarantun Katsina tun shekarun 1920, Sardauna Ahmadu Bello kuma ya shahara da ƙaunarsa. Golf yana da “course”, masu gudu suna da “track”, masu iyo suna da “pool”, 'yan boksin kuma suna da “ring”, duk da cewa kusurwa huɗu gare shi. Ginin da ya kewaye fili da kujerun 'yan kallo, kamar na Sani Abacha a Kano ko na Ahmadu Bello a Kaduna, shi ne “stadium”.

Alƙali kuwa “referee” ne a ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da boksin, “umpire” a kurket da hoki na fili da badminton. A tanis, wanda ke zaune a kan doguwar kujera yana faɗin maki shi ne “umpire”. Akwai “referee” a manyan gasannin tanis, amma shi jami'i ne mai kula da gasar baki ɗaya, wanda ake kira idan an sami saɓani a kan doka, saboda haka idan mai kujerar kike nufi, ki rubuta “the umpire on the tennis court”.